RUBUTUN ADO DA INDA YA DACE

Yara, da yawanku kun taɓa ganin allon zayyana ran saukar Alƙur'ani. Malamin da ya yi shi sai da ya feƙe alƙalaminsa na gamba, ya dama tawada da ƙaro, sa'an nan ya zauna ya ja kowane harafi a hankali, nan da kauri, can siriri. Wannan sana'a ce babba. A Kano an yi wani mashahurin marubuci, Sharif Bala Gabari, wanda aka buga Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa, ya bazu a ƙasar Hausa.

Haruffan ɗab'i ma daga rubutun hannu suka samo asali. Wajen shekarar 1450, wani mutumin Jamus mai suna Gutenberg ya ƙera haruffa na ƙarfe don buga littattafai, ya kwaikwayi hannun marubutan ƙasarsu. A 1501 kuma, wani mai ɗab'i a Italiya, Aldus, ya fito da haruffa masu karkata kamar na mai rubuta wasiƙa. Yanzu irin waɗannan haruffa suna cikin kwamfuta birjik. Har akwai wani iri na ajami da aka fitar a 2017, sunansa Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun malaman Kano.

To, amma sai a yi hattara. Harafin ado kamar gishiri yake: kaɗan ya gyara miya, in ya yi yawa ya ɓata ta. Wurinsa shi ne sunan littafi, da katin gayyatar biki, da takardar shaidar gama makaranta, watau inda kalmomi ba su da yawa, mai karatu kuma ba ya sauri.

Ku duba allon gefen hanya mai cewa akwai gada a gaba. Direba ba shi da lokacin warware lanƙwasar haruffa. Kafin ya gane, ya riga ya isa gadar. Haka kuma takardar kwalbar magani. In uwa ta ɗauki 1 a matsayin 7 saboda ado, ai kun san abin da zai sami ɗanta. A irin waɗannan wurare haruffa miƙaƙƙu, bayyanannu, su ake so.

Saboda haka gwanin tsara shafi yakan kiyaye abu uku. Ba ya cika shafi da rubutun ado. Ba ya haɗa iri biyu na ado wuri guda. Ba ya ƙanƙanta su, domin siririn layi yakan ɓace wajen bugawa. In ya kiyaye waɗannan, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Tambayoyi

1. Da me malami yake yin alƙalami da tawada?
2. Hannun su wa Gutenberg ya kwaikwaya?
3. Don me ba a sa rubutun ado a kwalbar magani?
4. Rubuta sunan makarantarku da ado, ka nuna wa abokinka daga nesa. Ya iya karantawa?