Shin Ƙwaya Tana Kai Bawa Ga Ubangijinsa?



Akwai masu shan LSD, ko wata laimar kwaɗi mai sinadarin silosaibin, su dawo suna cewa sun ga haske, sun narke sun zama ɗaya da halitta duka. Ni ban ɗauka ƙarya suke yi ba, sun ji abin da suka ji. Tambayata ita ce daga ina abin ya taso?

A 1962 Walter Pahnke ya tara ɗaliban tauhidin Kirista 20 a wata coci a Boston, ya ba 10 silosaibin, sauran ya ba su wani sinadari marar wannan tasiri. Mafi yawan waɗanda suka sha silosaibin suka ce sun shiga wani hali na ruhi mai zurfi. A 2006 Jami'ar Johns Hopkins ta wallafa irin wannan gwaji kan mutum 36, kusan kashi biyu cikin uku suka sa abin cikin al'amura biyar mafi muhimmanci a rayuwarsu.

Me ke faruwa? Sinadarin ya yi kama da sirotonin da ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi, sai ya maƙale a mazauninsa mai suna 5-HT2A. Daga nan sassan da ke riƙe wa mutum jin "ni ne wane" su sassauta, waɗanda ba su cika magana da juna ba su fara. To idan iyakar da ke tsakaninka da waje ta dushe, dole ka ji kai da komai ɗaya ne.

Sannan kowa da abin da ya shiga da shi yake fassarawa. Ɗalibin coci zai fahimci abin da harshen cocinsa, mai shan ayahuwaska a dajin Amazon zai ga ruhohin da ya taso yana jin labarinsu. Ƙwayar ba ta zo da saƙo ba, abin da ta tarar a zuciya take kambamawa.

Shi ya sa ƙarfin shauƙi ba hujja ba ne a addini. Hankali shi ne sharaɗin taklifi, kare shi kuma yana cikin manyan manufofin shari'a biyar. Kusancin Allah ana gane shi a sallar asuba, riƙon amana da kame harshe. Kuma wasu, musamman masu tarihin taɓin hankali a danginsu, sukan shiga su fito da ciwon da zai daɗe tare da su.

Allah Ya tsare mana hankulanmu da na 'ya'yanmu. Wallahu a'alam.