Zaɓen Iri a Cikin Kwamfuta

Duk ɗalibin Darmanawa da ya taɓa raka yayansa kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni ya ji ana yabon wata waya da cewa tana ɗaukar wasanni, ana kushe wata da cewa tana maƙalewa. Galibi abin da ya raba su wata 'yar na'ura ce ta sarrafa hoto da ake kira GPU. Allo mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana ɗauke da ɗigo fiye da miliyan biyu, kuma sai an sake lissafa launin kowanne kamar sau 60 cikin daƙiƙa guda. Babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta ma'aikata kaɗan gare ta, amma gwanaye. Ita kuwa GPU ɗaruruwa ko dubbai gare ta, kowa na ɗan ƙaramin lissafinsa a lokaci ɗaya, tamkar gayya a gona. Tun daga 2007, da kamfanin Nvidia ya fitar da tsarin CUDA, masana suka shiga ɗora mata lissafin da bai shafi hoto ba, kamar hasashen yanayi da nazarin ƙwayoyin gado.

To, amma gayya sai da tsari. A na'urorin Nvidia ma'aikatan suna tafiya 32-32, kuma ƙungiya ɗaya ba ta wuce 1024. Mai rubuta umarni shi zai yanke yawan 'yan kowace ƙungiya, da yawan bayanan da za a ɗebo daga babbar ma'ajiya mai nisa a ajiye a ƙarama ta kusa, wadda ta fi sauri amma ba ta da fili. In ya yi kuskure, amsa za ta fito daidai, sai dai a makare, bayan an sha lantarki mai yawa. Ga wanda ke aiki da janareto, wannan asarar man fetur ce tsagwaronta.

Me zai hana a gwada duka? Alal misali, a ce abubuwan saitawa 6 ne, kowanne da zaɓi 10. Haɗuwarsu miliyan ɗaya ke nan. Ko da daƙiƙa guda ake ba kowane gwaji, sai an shafe fiye da kwana 11 ba hutawa.

Saboda haka aka bar wa kwamfuta ta saita kanta. Dabarar ta girmi CUDA: wajen ƙarshen shekarun 1990 manhajar ATLAS ta Jami'ar Tennessee da FFTW ta cibiyar MIT, duk a Amurka, sun riga sun fara gwada hanyoyi daban-daban a kan kwamfutar da aka sa su, su riƙe mafi sauri. Daga cikin hanyoyin binciken, wadda za ta fi burge ɗalibin ilmin halittu ita ce wadda John Holland ya bayyana a littafinsa na 1975, domin daga zaɓen iri aka aro ta. Ana ɗaukar saiti kamar 50 barkatai, a auna saurin kowanne. Sai a zubar da raggaye, a haɗa mafiya sauri biyu-biyu, ɗa ya gaji rabin saitinsa daga nan, rabi daga can. Jefi-jefi kuma a sauya lamba ɗaya da gangan, kamar yadda ƙwayar gado kan sauya da kanta. Haka za a yi ta maimaitawa zuriya bayan zuriya. Aikin da manomi ke yi ke nan sa'ad da ya ware zangarniyar gero mafi kyau don shukar baɗi, kuma shi masu binciken wake na cibiyar IITA a Kano ke yi, illa dai su damina suke jira, kwamfuta kuwa mintoci.

Kamar yadda irin da ya yi albarka a Kano kan ƙi ƙasar Jos, haka saitin da ya yi fice a wata GPU kan zama raggo a wata, sai an sake zaɓe. Awon ma yana da tarko. Na'ura in ta ɗau zafi takan rage gudu don kare kanta, don haka saitin da aka auna da sanyin asuba zai iya cinye wanda aka auna da azahar ɗin bazara ba don ya fi shi ba. Shi ya sa ake auna kowanne sau da dama, a kuma duba amsarsa kafin a dubi agogo.