Inshorar Karen Gadi da Kyanwar Sito: Darasi ga 'Yan Kasuwar Suleja

Tun bayan da aka mayar da mazaunin Gwamnatin Tarayya zuwa Abuja a shekarar 1991, garin Suleja ya zama matattarar 'yan kasuwa da ma'aikata. Sito-sito da gidajen kaji da wuraren buga bulo sun yawaita daga cikin gari har zuwa Madalla, kuma tare da su aka sami ƙaruwar karnukan gadi. Kyanwa kuwa daɗaɗɗiyar ma'aikaciya ce a rumbunan hatsi, inda take hana ɓeraye ɓarna. Ga ɗan kasuwa, waɗannan dabbobi kadara ce, amma kadara mai iya jawo wa mai ita asara. Wannan darasi zai duba abin da doka ta ɗora wa mai dabba, sa'an nan ya bayyana yadda ake zaɓen inshorar da ta dace.

Abin da Doka ta Tanada

Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya sanya kula da ajiye dabbobin gida da zirga-zirgarsu cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Saboda haka, sakatariyar Ƙaramar Hukumar Suleja ita ce wurin farko da mai kare zai nemi bayani a kan lasisi da ƙa'idojin da ke aiki a yankinsa. Tushen wannan tsari shi ne Dokar Karnuka wadda ta fara aiki a 1943, zamanin mulkin Turawa, ta kuma kawo lasisin kare domin yaƙi da ciwon haukan kare. Akwai kuma Dokar Hana Yaɗuwar Cututtukan Dabbobi ta 1988, wadda aka maye gurbinta da sabuwa a 2022. Ita ma dokar Final Kot ta Arewa ta tanadi hukunci a kan zaluntar dabba da kuma yin sakaci da dabbar da ke iya cutar da mutane.

Baya ga hukuncin laifi, akwai batun diyya. Ƙa'idar da kotunan Nijeriya suka gada daga Ingila ita ce, idan mai kare ya san cewa karensa yana da halin cizo, to alhakin duk raunin da ya yi wa wani yana wuyansa. A shari'ar Daryani da Njoku, wadda aka yanke a Legas a 1965, kotu ta ɗora wa mai kare alhaki saboda karen ya taɓa cizon wata mai aikin gida, an kuma sanar da uwargidan. Kotu ta ɗauki sanin matar a matsayin sanin mijin. Darasin da ke nan a fili yake: ranar da aka kawo ƙarar cizon farko, daga ranar uzurin rashin sani ya ƙare.

Ina Asarar Take?

Mutane da yawa suna zaton babbar asara ita ce mutuwar dabba ko sace ta. Lissafi bai nuna haka ba. Kuɗin kare yana da iyaka, domin an san abin da aka saye shi. Amma idan ya ciji ɗan dako ko yaron maƙwabta, ba mai iya faɗin inda kashe kuɗi zai tsaya: jinya, jerin allurai, diyya, kuɗin lauya, da zubewar mutunci a idon abokan ciniki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin ɗari na masu kamuwa daga kare suke samunsa. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tsira. Kyanwa ma tana iya ɗaukarsa ta yaɗa. Ana yi wa ɗan kwikwiyo allurar rigakafi tun yana wata 3, a riƙa sabuntawa bisa umarnin likita, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, tana cikin masu sarrafa wannan allura. Kuɗin allurar bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da jinyar mutum guda. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Ire-iren Inshora

Inshorar dabbobin gida ta daɗe a Turai. An fara yi wa kare inshora a Suwidin a 1924, a Birtaniya a 1947, a Amurka kuwa sai 1982. A Nijeriya, inshorar dabbobi ta fi karkata ga shanu da tumaki da kaji, musamman ta hanyar Hukumar Inshorar Noma ta Ƙasa, wato NAIC, wadda aka ƙaddamar da shirinta a 1987. Don haka mai neman inshorar kare ko kyanwa sai ya tambayi dillalin inshora takamaiman abin da ake sayarwa. Kariyar iri uku ce:

1. Ta mutuwa ko sata, inda ake biyan ƙimar dabbar da aka amince da ita tun farko.
2. Ta jinya, inda ake biyan kuɗin asibitin dabbobi har zuwa wani adadi a shekara.
3. Ta alhakin cutar da wani, inda kamfani yake biyan diyyar da ta hau kan mai dabba.

Ga mai sito ko masana'anta, ta uku ce ta fi muhimmanci. Wanda ya riga ya yi wa harabarsa inshorar alhakin jama'a, ya tambaya a rubuce ko ta haɗa da cizon karen gadi, domin ba kowace yarjejeniya ce take haɗawa ba. Ta farko tana da amfani ga mai kare ɗan ƙasar waje mai tsada. Ga kyanwar sito wadda aka samu kyauta, allura da ɗan kuɗin da aka ware don jinya sun wadatar.

Kafin a Sa Hannu

Da farko, a tabbata kamfanin yana da rajista da Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997. Na biyu, a karanta abubuwan da aka keɓe. Galibi ba a biyan ciwon da dabba ke da shi kafin yarjejeniya, ko wanda allura za ta iya hanawa amma ba a yi ba. Na uku, a duba kason da mai dabba zai ɗauka da kansa. Alal misali, idan jinya ta ci naira 100,000, yarjejeniya kuma ta ce naira 20,000 na farko a kansa suke, to naira 80,000 kawai zai karɓa. Na huɗu, a bayyana wa kamfani cewa karen na gadi ne, a kuma faɗi idan ya taɓa cizo, domin ɓoye gaskiya yana rushe yarjejeniya. Na biyar, a biya kuɗin inshora a kan kari, saboda ƙa'idar ƙasar nan ita ce ba kariya sai an biya. Wanda yake da damuwa ta fuskar addini yana iya tuntuɓar kamfanonin takaful, waɗanda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, ya ji ko suna karɓar irin wannan alhaki.

Idan cizo ya auku, a wanke raunin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, a garzaya asibiti nan take, a killace dabbar a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi na kwana 10, a kuma sanar da kamfanin inshora ba tare da jinkiri ba.

Daga ƙarshe, tsarin da ya kamata a bi shi ne: allura, lasisi, katanga da sarƙa, sa'an nan inshora. Takardar shaidar rigakafi mai ɗauke da sa hannun likita da kwanan wata ita ce abin da asibiti da kotu da kamfanin inshora duk za su fara nema. A adana ta tare da takardun shago.