Darasi: Mai koya wa hannu aiki

Manoman Adar, ku kawo kunne. Darasinmu na yau ya shafi hannun da ke riƙe hauya.

Kowa ya san gidan da hawan jini ya kayar da maigida, ɓarin jikinsa ya shanye. Kowa ya san yaron da ya faɗa wuta lokacin ɗari. Ciwo ya lafa, amma hannu ya ƙi aiki. Sai a shimfiɗa wa mutum tabarma a zaure, a ce ta ƙare. Alhali akwai ma'aikacin lafiya wanda sana'arsa ke nan: maida wa mutum ayyukansa na yau da kullum.

Ba ya allura, ba ya fiɗa, kuma shi ba maɗori ba ne. Tambayarsa ta farko ita ce: wane aiki ya gagare ka? Cin tuwo? Ɗaure zariya? Alwala? Jan guga? Da wannan aikin zai horar da hannun, kaɗan-kaɗan, kowace rana. In yatsu ba su iya damƙa, sai ya naɗa tsumma ko roba a ƙotar hauya da marikin cokali, su yi kauri. Yana kuma koya wa iyali su daina yi wa maras lafiya abin da zai iya da kansa, ko da tausayi na cin su.

Ku lura da batun ƙuna sosai. Tabon wuta yana tsukewa yayin da yake warkewa. In an bar yaro ya dunƙule hannu don zafi, yatsu za su manne da tafi, sai fiɗa ke buɗe su. Shi ya sa ake yi masa takalmin hannu da zai riƙe yatsu a miƙe, ana motsa su kullum. Mai shanyewar jiki ma, mafi yawan sauƙinsa cikin wata 3 zuwa 6 na farko yake samuwa. Kada a ce sai bayan kaka.

Ina ake samunsa? Gaskiya irinsu kaɗan ne a Nijar. Ku fara da likitar karkararku, ko a Barmu kuke, ko Kalfu, ko Tabalak. Ku karɓi takardar turawa zuwa babban asibitin Tawa, ku tambayi mai motsa gaɓoɓi, wanda ake ce wa kine. Aikinsu na kusa da juna. Asibitin Galmi, tsakanin Ƙwanni da Madawa, wanda aka buɗe a 1950, yana da sashen wannan aiki. Yaran da ƙuna ta ɗaure wa gaɓoɓi akan kai su asibitin CURE na Yamai, wanda ya fara aiki a 2010. Masu kuturta kuwa, akwai Danja kusa da Maraɗi.

Ranar tafiya, ku riƙe takardun likita duka, da cokali ko ƙotar da ta gagara. Wanda ke jinya a gida shi ya kamata ya yi rakiya, don shi zai ci gaba da horon bayan an komo.