Darasin Turanci: Ƙananan Kalmomi Masu Santsi

'Yan'uwa masu koyon Turanci, ku lura da wannan. Ba dogayen kalmomi ne su ke ka da mutum ba. Doguwar kalma, mutum ya kan ji tsoronta, ya je ya buɗe ƙamus. Gajerun nan da mu ke tsammani mun riga mun sani, su ne masu santsi.

Harshenmu ma haka ya ke. Dubi "ci". Mu kan ci tuwo, mu ci bashi, mu ci kasuwa, mugu kuwa ya ci amana. Ba Bahaushen da ke ruɗewa, gama kalmar da ke kusa da ita ce ke nuna ma'anarta.

To, ga "well". Idan ka gai da Bature ya amsa da ita, lafiya ke nan, amma cikin Yohanna 4:6 rijiya ce, ta Yakubu. "Fast" sauri ne ga doki ko mota, cikin Matta 6:16 kuwa azumi ne. "Lie" kwanciya ce, ƙarya ce kuma. In likita ya faɗa maka ita yana nuna gado, ba zarginka ya ke yi ba.

Waɗannan da sauƙi. Mai wuyar tana cikin juyin King James na 1611, gama Turanci ya sāke tun daga lokacin. Yau "want" so ne. Amma cikin Zabura 23:1 ma'anarta rashi. Mai fassara wanda bai san wannan ba zai tsaya gaban jama'a ya sa Dauda ya ce ba ya son kome, ko kuwa ba ya son makiyayinsa, alhali kuwa cewa ya yi ba zai rasa kome ba. Gwauruwar da ta zo sujada da yunwa, ta'aziyyarta ke nan aka ƙwace.

Haka kuma "suffer". Mun san ta da shan wuya. Cikin Markus 10:14 ma'anarta bari: Yesu yana cewa a ƙyale yara su zo wurinsa. A ganina, duk wanda za ya juya wa'azin baƙo ya kamata ya tambaye shi ayoyinsa tun ran Asabar, ya karanta su cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa. Tun 1932 mu ke da shi cikakke, kunya ce kawai ke hana tambaya.

Ga aikin wannan wata. Nemi "light" cikin Matta 5:14, ka sāke nemanta cikin Matta 11:30. Rubuta ma'anarta a kowane wuri da Hausa, kafin ka buɗe naka na Hausa ka gwada.