Idan Lebura Ya Rasa Yatsa a Wurin Aiki, Wa Zai Biya Shi?

Darasinmu na wannan mako ya shafi iyayenmu da yayyenmu masu aikin ƙarfi.

A nan Zagga da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo, mutane da yawa da ƙarfinsu suke ci. Wasu na loda buhunan shinkafa a manyan motoci, wasu na sauke siminti da rodi a wurin gini, wasu kuma na aiki da injin niƙa ko na casar shinkafa. Buhun siminti ɗaya kilo 50 ne. Idan kaya ya zame ya danne hannu, ko bel ɗin inji ya kama yatsa, wani lokaci sai an yanke. Daga ranar nan abincin gida ya tsaya, wani yaron ma sai ya bar makaranta.

Me doka ta ce?

A watan Disamba na shekarar 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata. Hukumar NSITF ce ke kula da ita. Mai wurin aiki ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa a asusun hukumar, kuma doka ta hana shi cire kuɗin daga albashinsu. Daga wannan asusu ake biyan kuɗin magani, da hannu ko ƙafar roba, da diyya gwargwadon raunin. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har ba zai iya wani aiki ba, dokar ta ce a riƙa biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata.

Dokar ba ta ma'aikatan ofis kaɗai ba ce. Ta haɗa da leburan wucin gadi, da ɗan koyo, da wanda aka ɗauka aiki da baki ba tare da takarda ba. Matsalar ita ce masu ƙananan wuraren aiki da yawa ba su yi rajista ba, leburori kuma ba su san haƙƙinsu ba. Sai a ba mutum ɗan kuɗin allura, a ce ya yi haƙuri. Haƙuri abu ne mai kyau, amma ba ya hana neman haƙƙi.

Lambobi uku da za mu haddace

Kwana 14: a cikinsu za a sanar da mai wurin aiki cewa an ji rauni.

Kwana 7: a cikinsu shi kuma zai kai rahoto ga hukumar.

Shekara 1: a cikinta za a nemi diyyar.

Haka kuma a ajiye takardun asibiti da kyau, a riƙe sunayen waɗanda suka ga abin da ya faru.

Taimakon gaggawa

A danne raunin da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Kada a zuba toka ko ƙasa ko baƙin mai. Idan yatsa ya guntule, a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, sannan a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara. Kada yatsan ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A garzaya asibiti mafi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura Birnin Kebbi, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Rigakafi ya fi magani. Kaya mai nauyi mutum biyu su ɗauka, a kashe inji kafin a gyara shi, kada a matsa kusa da bel da babbar riga.

Aikin gida ga kowane ɗalibi: yau da dare mu karanta wa manyanmu lambobin nan uku. Allah Ya tsare mana su.