Dutsen da Turawa suka kafa a bakin teku

In manomi zai shaida iyakar gonarsa, sai ya dasa gamba ko ya aza dutse. Turawan Fotugal ma haka suka yi a bakin tekun Afirka, shekara fiye da ɗari biyar da suka wuce. Amma su, a ƙasar wasu suka aza nasu dutsen.

Sarkin Fotugal, Juwan na biyu, ya aiki wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Diyogo Kawo ya nemo hanyar zagaya Afirka. Cikin jirginsa akwai dogayen duwatsu sassaƙaƙƙu. Kowane yana da tambarin sarki, da gicciye na Kirista a bisa. A wasu wuraren da ya sauka, sai ya kafa ɗaya.

A 1482 ya kafa dutse a bakin kogin Kwango. Wurin ba kango ba ne: akwai masarautar Kwango, da sarkinta, da jama'arta. A 1486 ya kafa wani can kudu, a ƙasar da ake ce ma Namibiya yanzu. Tsawonsa ya fi metir uku. An rubuta a jikinsa cewa sarki ne ya sa a gano wannan ƙasa.

To, ya ake gano ƙasar da masu ita ke ciki? Baƙon dai ya rubuta nasa labarin a dutse, shi ya sa har yau ana karanta shi. Abin da mutanen wurin suka ce, ba a sassaƙa shi ba.

Dutsen Namibiya ya yi shekara fiye da 400 yana tsaye cikin iska da gishirin teku. A 1893, lokacin da Jamus ke mulkin ƙasar, sojojin ruwanta suka tumɓuke shi, suka tafi da shi gida. Daga baya aka ajiye shi gidan tarihi a Balin. Namibiya ta samu ƴancin kai a 1990, ta nemi a maido mata shi. Sai a 2019 Jamus ta maido.

Mutanen Namibiya ba su ce a jefar da dutsen ba. Shaida ce ta abin da ya faru a ƙasarsu, kuma shaida a hannun mai ita ta kamata ta zauna.

Tambayoyi

1. Mi aka rubuta a jikin dutsen?
2. Wace shekara aka maido shi?
3. A garinku, wa ke riƙe da labarin kafuwarsa? An rubuta shi?